Daga Kwalekwalen Rigata Zuwa Gidan Gem: Wace Fasaha Ce A Kallon Mai Wasa?

Duk wanda ya taɓa kwana a Yelwan Yawuri, ya kuma ɗan taka bayan sallar isha'i, da wuya ya rasa cin karo da irin shagunan nan da yara ke kira gidan gem. Ba su da wuyar ganewa, domin tun daga nesa za ka ji ƙugin ƙaramin janareta a bakin ƙofa, sannan ka ji sowa tana tashi tana kwantawa kamar ana wasan ƙarshe na cin kofi. Kwanakin baya na shiga ɗaya daga cikinsu bayan da ƙanwata ta kawo mini ƙarar ɗanta, cewa ya mayar da wurin tamkar ɗakin uwarsa. Na tafi ne da niyyar in kamo kunnensa in fito da shi, amma abin da na tarar shi ya sa ni ɗaukar alƙalami a yau.

Mutum biyu ne kacal ke riƙe da madannan wasa, suna fafatawa a wasan ƙwallon ƙafa na na'urar PlayStation. Sauran jama'ar da suka cika shagon, waɗanda a ƙiyasina sun haura ashirin, babu wanda ya zo da niyyar taɓa komai. Wasu na kan benci, wasu na tsaye sun jingina da bango, ƙananan cikinsu kuwa suna leƙe ta taga. Can gefe ga wani siririn saurayi, shi ba mai wasa ba, shi ba mai shago ba, amma bakinsa bai huta ba. Ya yi wa wannan kirari, ya yi wa wancan zambo, ya laƙaba wa 'yan wasan da ke cikin akwatin talabijin sunayen mutanen unguwa, har mai tsaron raga ya zama wani mai shayi da aka san shi da yawan ɓarin kofi. Da na dafa kafaɗar yaron nawa sai ya waiwayo a firgice ya ce, "Kawu, wallahi ko sisi ban kashe ba, ni kallo kawai nake zuwa yi." Na buɗe baki zan yi faɗa ke nan sai wanda aka zura wa ƙwallo biyu ya farke ɗaya, shago ya kaure, ni kuma na tsinci kaina ina jira in ga ko zai farke ta biyun. In gajarta wa mai karatu labari, sai da aka tashi wasan sannan muka fito tare.

Tun daga daren nake juya maganar yaron nan a raina. Mu da muka yi boko muka kama aikin ofis mun daɗe da yanke hukunci cewa wasan bidiyo ɓata lokaci ne. To ina ga wanda ko wasan ma ba ya yi, kallon mai yi yake yi? A wurinmu wannan ya kai maƙura wajen zaman kashe wando. Sai dai kuma hukuncin da aka yanke ba tare da an saurari shari'a ba yakan zo da gyara, kuma abin da na gani a shagon nan ɗan tsakure ne na wani al'amari da ya riga ya game duniya.

Tun bayan kafa YouTube a 2005 matasa suka fara ɗaukar hoton wasan da suke yi, suna magana a kansa, suna sakawa don wasu su kalla. A 2011 aka buɗe Twitch, wanda aka gina shi musamman don mutum ya riƙa wasa kai tsaye jama'a na kallonsa suna tanka masa, kuma a 2014 kamfanin Amazon ya saye shi a kan dala miliyan 970. A 2013 tashar da ta fi kowace yawan mabiya a YouTube ba ta wani mawaƙi ko gidan talabijin ba ce, ta wani matashi ce ɗan ƙasar Suwidin mai suna Felix Kjellberg, wanda aka fi sani da PewDiePie, kuma babban abin da yake yi a lokacin shi ne ya zauna yana wasa yana surutu. 'Ya'yanmu da ke ɗaki da wayar hannu, waɗanda muke zaton karatu suke yi, da yawansu irin wannan kallon suke ƙone data a kansa.

Yawan kuɗi da yawan jama'a dai ba su ne ke mayar da abu fasaha ba, in ba haka ba da caca ta fi kowace fasaha daraja. Abin tambaya a nan shi ne, shin akwai wata hikima a cikin wannan aiki da ta cancanci mai hankali ya tsaya ya auna ta, kamar yadda yake auna waƙa ko wasan kwaikwayo?

Turawa sun yi tasu muhawarar, amma a kan shi wasan kansa. Fitaccen mai sharhin finafinai na Amurka, marigayi Roger Ebert, ya rubuta a 2010 cewa wasannin bidiyo ba za su taɓa zama fasaha ba, kuma cikin hujjojinsa akwai cewa wasa abu ne da ake ci ko a faɗi, yana da dokoki da maki, alhali labari ko fim ba a cin su, shiga cikinsu ake yi. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa wasannin bidiyo na da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki daidai da littattafai da finafinai, sannan a 2012 gidan adana kayan fasahar zamani na MoMA da ke birnin New York ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da Pac-Man da Tetris. Wannan muhawara ba ita ce gabana ba. Ko da mun yarda cewa wanda ya tsara wasan mai fasaha ne, saura wanda ya saya ya zauna yana bugawa a gaban jama'a. Shi me ya ƙirƙira? Ba shi ya zana hotunan ba, ba shi ya tsara dokokin ba, ba shi ya rubuta labarin ba.

A nawa ɗan ƙaramin tunani, mutumin Yawuri bai kamata ya sha wahalar amsa wannan tambaya ba, domin amsar tana bakin kogi. Tuƙa kwalekwale sana'a ce, hanyar zuwa kasuwa ce, hanyar kamun kifi ce. Tarihin baka na wannan yanki ya nuna cewa bikin Rigata ya samo asali ne daga jarumtar Gungawa, mazauna tsibiran Kogin Kwara, waɗanda kan fita cikin jirage da makamai su tunkari dorinar da ta addabi masunta da manoma. Wancan aiki ne na rai da mutuwa, babu wanda ya tsara shi don nishaɗi. Amma da aka wayi gari ana yin tuƙin nan a gaban Sarki da baƙi da dubban jama'a, kamar yadda ake yi a bikin da gwamnatin Jihar Kebbi ta farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan, sai ya zama wani abu daban. Matuƙin bai sassaƙa kogin ba, sau da yawa ma ba shi ya sassaƙa jirgin ba, kuma dokar tseren ba tasa ba ce. Duk da haka wanda ya taɓa tsayawa a gaɓa ya ga yadda matuƙa ke sauke filafilai cikin ruwa a lokaci guda, kiɗa na tafiya da su, ya san cewa akwai jirgin da zai zo na ɗaya a manta da shi kafin magariba, akwai kuma wanda za a yi shekara ana labarin yadda ya yanka ruwa. Bambancin da ke tsakanin jiragen nan biyu shi nake kira fasaha. Mai ita ya san ana kallonsa, saboda haka bayan neman nasara yana kuma kula da yadda nasarar za ta zo.

Haka abin yake a dara, wadda mutanen wannan yanki har zuwa ƙasar Zuru suka shahara da ita. Gurabu talatin ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, dokar kuma ba ta canja ba tun kakanni. Amma ba a taɓa yin dara mai daɗi babu 'yan kallo ba. Gwanin dara yakan ga cin da zai yi tun da nisa, ya ƙi yi, ya yi ta jan abokin karawarsa yana masa ba'a, sai ya tabbatar kowa ya gane tarkon in ban da wanda aka ɗana wa, sannan ya rufe. Wannan jinkirin ba ya ƙara masa ko ɗa guda a lissafin ci. Don mutanen da suka kewaye shi yake yi.

Idan mai karatu na son ganin irin wannan a duniyar wasan bidiyo, ga misali guda da masana harkar ba su gajiya da ambato. A 2004, a wata gasa da ake kira Evo a jihar Kalifoniya, wani ɗan Japan mai suna Daigo Umehara ya kara da Justin Wong na Amurka a wasan faɗa na Street Fighter III. Ƙarfin ɗan wasan Daigo ya ƙare saura ƙiris, ta yadda ko tare duka ya yi ta hanyar da aka saba, ɗan abin da zai taɓa shi ya isa ya kayar da shi. Wong ya sako masa wani hari mai duka goma sha biyar a jere. Hanya ɗaya ta rage, wato ya kaɗe kowane duka ɗaya bayan ɗaya, kowanne a daidai lokacinsa, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuskure guda kuma ya gama masa aiki. Ya kaɗe duka sha biyar ɗin, ya juya ya gama da abokin karawarsa. Waɗanda suka tsara wasan sun san dokarsu ta ba da damar haka, amma dama daban, aikatawa a gaban taro lokacin da zuciya ke dukan uku-uku daban. Wanda ya kalli hoton zai lura cewa rabin abin da ke tayar da tsikar jiki ba a cikin akwatin yake ba, yana cikin ihun 'yan kallo da ke ƙaruwa da kowane duka har ɗakin ya ɗauka baki ɗaya. Cire wannan ihun, abin da zai rage gwaninta ce kawai, irin ta mai saƙa da ke aiki shi kaɗai a ɗaki.

Wannan ke nan game da hannu. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne baki, kuma a nan ne nake ganin Bahaushe yana da gadon da ya fi na mafi yawan al'ummu.

Mu tuna da dambe. Shago ya yi zamaninsa, ya kashe 'yan dambe iya rabonsa, ya tafi. Mu da ba mu taɓa ganin ya ɗaura zare ba, ta ina muka san shi? Ta bakin Ɗan Anace. Makaɗin ba shi ne ke kai naushin ba, amma shi ya ɗauki abin da ke faruwa cikin daƙiƙa kaɗan a fage ya ba shi suna da asali da tsoro da alfahari, har ya zama abin da ake saurare a mota shekaru da dama bayan an share fagen. Babu wani malamin adabi a jami'o'inmu da zai ce Ɗan Anace ba mai fasaha ba ne don kawai damben ba nasa ba ne. To mai nuna wasan bidiyo, idan gwani ne, Shago ne da Ɗan Anace a jiki guda: hannunsa na fage, bakinsa na kiɗa, kuma dole ya yi duka biyun a lokaci ɗaya ba tare da ya san yadda wasan zai ƙare ba. Ina roƙon masoya waƙar Ɗan Anace su yi mini afuwa, ba ina daidaita darajar mutanen ba ne, siffar aikin nake kwatantawa.

Magana a kan hoton da wani ya ƙirƙira ba sabon abu ba ne a duniya. A Japan, zamanin da finafinai ba su da murya, akwai mutanen da ake kira benshi, waɗanda ke tsayawa gefen allo suna ba da labarin abin da ake gani suna kwaikwayon muryoyi, kuma wasunsu sun yi sunan da jama'a kan je silima don su, ba don fim ɗin ba. Mu ma nan gida mun ga yadda fassarar finafinan Indiya, irin wadda Algaita ta yi fice da ita a Kano, ta mamaye kasuwa, har masu shirya finafinan Hausa suka sha kokawa a kai. Ko mutum na son wannan fassara ko ba ya so, ya san ba fassara ce zalla ba. Mai maganar yakan ƙara nasa gishiri, ya sa wa jarumi laƙabi, ya jefa karin magana inda Ba'indiye bai san da ita ba, har fim ɗin ya zama wani abu na uku da ba a Mumbai aka yi shi ba.

Kai, mu koma can baya ma. Kakar da ke ba da tatsuniya ba ita ta ƙirƙiri Gizo da Ƙoƙi ba, kuma jikokinta sun san ƙarshen labarin tun kafin ta fara. Me ya sa suke cewa ta sake? Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, amma wa zai ce littafin ba nasa ba ne? Al'adarmu ba ta taɓa ɗora darajar mai fasaha a kan cewa shi ya fara ƙago abu daga babu ba. Tana ɗora ta ne a kan yadda abin ya fito daga bakinsa, a gaban waɗanda ke saurare, a wannan daren. Mu 'yan boko ne muka koyo ra'ayin cewa sai mai sa hannu a bangon littafi ne mai fasaha, sannan muka dawo muna auna kayanmu da mudun da ba namu ba.

Su kansu Turawan sun fara gane cewa cikin wasan fage ne da za a iya yin wani abu a kansa. A 2021, lokacin kullen annobar korona, wasu 'yan wasan kwaikwayo biyu na Ingila da aikinsu ya tsaya, Sam Crane da Mark Oosterveen, suka ƙudiri aniyar shirya wasan Hamlet na Shakespeare a cikin Grand Theft Auto, wasan da aka san shi da harbe-harbe da satar motoci. Suna cikin karanto baitoci wani baƙo zai zo ya harbe su, su sake tashi su ci gaba. An haɗa fim sukutum daga hotunan wannan yunƙuri, mai suna Grand Theft Hamlet, ya kuma ci kyauta a bikin finafinai na SXSW a 2024.

To, kada mai karatu ya ɗauka na zo ne in wanke harkar tas. Mafi yawan abin da ake sakawa da sunan nuna wasa ƙaiƙayi ne. Ihu ne marar dalili, da ashar, da tsawaita abin da bai kai minti biyar ba ya zama awa uku don a tara talla. Sai dai wannan ba hujja ba ce a kan fannin baki ɗaya, domin a zamanin da Mamman Shata ke waƙa akwai ɗaruruwan masu kalangu da babu wanda ya riƙe sunansu. Aikin mai ilimi shi ne ya iya rarrabe tsaki da tsakuwa, kuma ba zai iya ba muddin ya ƙi kallon faifan.

Akwai kuma maganar haƙƙin mai kaya, wadda ta fi nauyi. Wasanni iri biyu ne a nan. Akwai irin su ƙwallo da faɗa da Tetris, inda kowane zama sabo ne, kallon wani ma ƙara maka sha'awar gwadawa yake yi. Akwai kuma waɗanda labari ne tsararre daga farko zuwa ƙarshe, wanda idan ka kalla ka gama da shi. A 2016 wani Ba'amurke mai suna Ryan Green da matarsa Amy suka fitar da wasan That Dragon, Cancer, a kan jinyar ɗansu ƙarami da cutar daji ta yi ajalinsa. Miliyoyin mutane suka kalli wasan a YouTube, amma cinikin bai taka kara ya karya ba, har Green ya fito ya koka cewa wasu na saka wasan ne ɗungurungum ba tare da sun ƙara komai nasu ba. Kamfanin Nintendo ya fara karɓe kuɗin tallar irin waɗannan hotuna a 2013, ya kafa wani tsarin raba riba a 2015, sannan ya rushe shi a ƙarshen 2018 ya sassauta, bisa sharaɗin mai nunawa ya sa nasa sharhi ko ƙirƙira. A 2023 kuwa wata kotu a Japan ta samu wani mutum da laifi saboda saka hotunan wani wasa mai labari har da ƙarshensa ba da izini ba. Abin lura shi ne, inda shari'a da kamfanoni suka ja layi, nan ne mai auna fasaha ma zai ja nasa. Wanda ya kunna wasa ya yi shiru ya bari labarin wani ya gudana, ɗan dako ne, ya kai kayan wani kasuwa ya karɓe kuɗin. Wanda ya sa hannunsa da bakinsa har abin ya ɗauki kamanninsa, shi ne ya yi aikin da za a kira nasa.

Damuwar iyaye ma ba a banza take ba, kuma ƙanwata ba ta yi laifi da ta kawo ƙara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, a inda ta kai mutum ga watsar da karatu da aiki da iyali. A garuruwanmu kuma kowa ya san akwai gidajen gem da ake ɗora kuɗi a kan wasa, wanda caca ce tsagwaronta ko da wane suna aka kira ta, akwai kuma waɗanda ake kiran salla janareta bai tsaya ba. Waɗannan abubuwa ne da masu unguwanni da iyaye da masu shagunan ya kamata su tsaya a kansu tsayin daka. Amma fagen dambe ma bai tsira daga irin waɗannan ba, kuma ba mu ce a ƙone faifan Ɗan Anace ba.

Wani dalili da ya sa nake ganin bai kamata a raina masu ɗaukar waɗannan hotuna ba ya shafi adana tarihi, kuma nan ma Yawuri na da abin faɗa. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da garuruwa da gonaki, har da tsohon garin Busa, aka tayar da mutane sama da dubu 40 aka sake musu matsuguni. An gina musu sababbin gidaje, amma yadda ake zama a tsibiran nan, da yadda ake wasa da dariya da gardama a cikinsu, sai abin da ya rage a bakin tsofaffi, su kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wasannin bidiyo ma nutsewa suke yi, kuma da sauri. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Waɗanda ake yi ta intanet kuwa, ranar da kamfani ya kashe na'urorinsa shi ke nan. Ko da an adana wasan, ba a adana yadda mutane suka yi shi ba. Yaran da suka tashi da Winning Eleven a kan PlayStation 2 a farkon shekarun 2000 yanzu su ne malaman makaranta da ma'aikatan banki, wasan ma kamfanin Konami ya canja masa suna zuwa eFootball tun 2021. Ina kirarin da suka yi wa juna? Ina sunayen da suka laƙaba wa Okocha da Kanu na cikin akwati? Babu wanda ya ɗauka.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na tambayi yaron nawa su wa yake kallo a wayarsa idan ba ya gidan gem. Ya lissafo mini sunaye, babu Bahaushe ko ɗaya. Da Ingilishi suke magana, wani lokaci da Indiyanci ko Larabci, barkwancinsu na ƙasarsu ne, ashar ɗinsu ma na ƙasarsu ne, shi kuma yana haddacewa. Yaro ne da aka haifa a ƙasar da ake yi wa matuƙin jirgi kiɗa, ake yi wa manomi da mahauci da maƙeri kirari, amma a abin da ya fi so a duniya bai taɓa jin an yi gwaninta da harshen uwarsa ba sai a shagon nan mai ƙugin janareta. Dambe ya samu masu ɗaukarsa suna sakawa a YouTube, har mutanen da ba su san inda Sakkwato take ba suna kallo. Sharhin ƙwallon Turai da Hausa a rediyo ya nuna cewa harshen na iya bin gudun ƙwallo ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Abin da ya rage shi ne wannan fagen, kuma ba kayan aiki ne suka fi ƙaranci ba, domin wayar da ake kallo da ita ita ce ake ɗauka da ita. Gaskiya ne data na da tsada, wuta kuma sai a hankali ko a garuruwan da ke gaɓar tafkin da ake samar da ita. Amma babban cikas shi ne duk yaron da ya gwada, mu ne farkon masu ce masa ɗan iska.

Da malamanmu na sassan Hausa a Sakkwato da Kano da Zariya, waɗanda suka rubuta kundaye a kan kirarin 'yan dambe da zambon makaɗa da wasannin tashe, za su tura ɗalibi ɗaya ya zauna a gidan gem na wata guda da na'urar ɗaukar magana, ina da yaƙinin zai dawo da abin da zai ba su mamaki: sababbin kalmomi, da tsofaffin karin magana da aka sa wa sabuwar riga, da salon habaici da bai bar na dandali da komai ba. Masu shirya bikin Rigata ma, da ke neman abin da zai jawo matasa, ba za su yi asara ba idan suka ware wata rumfa da yamma aka kara a wasan ƙwallon nan, da sharaɗin babu caca, sharhi kuma da Hausa ko Gunganci ko Kambarci, a ba gwanin baki kyauta daidai da gwanin hannu.

Na sake komawa shagon bayan mako biyu, wannan karon ba tare da an aike ni ba. Mutum biyu na wasa, benci a cike, amma wurin ya yi tsit in ban da ƙarar madannai da tsakin wanda aka ci. Na tambayi mai shagon ina siririn saurayin nan mai baki. Ya ce, "Ai Alhaji ya bi motar albasa zuwa kudu, ya samu aikin lodi. Tun da ya tafi ma ciniki ya ragu."